Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga dillalan motoci, masu sayar da kayan gyara da shugabannin gareji na Yamai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena Alhazai masu shigo da motoci, yayyena masu shagunan kayan gyara, da malamaina shugabannin gareji, ina miƙa muku gaisuwar ban girma, tare da roƙon Allah Ya ƙara wa kasuwa albarka, Ya kuma tsare dukiyar da ke kan hanya. Na rubuto muku ne a kan wani labari da ya jima yana yawo a kafofin labarai na ƙasashen waje, wanda na lura yawancinmu mun ɗauke shi maganar da ba ta shafe mu ba: manyan kamfanonin ƙera motoci na Japan da Turai da Amurka suna ta ɗage fitar da sababbin samfuran motocinsu na gudu, wasu ma sun soke su ɗungurungum, saboda kuɗi ya yi musu wuya. Na san da yawa daga cikinku za su ce mutumin da ke fafutukar haɗa kuɗin duwan na Corolla ba shi da lokacin jimamin Porsche, kuma ni ma ban zo neman kowa ya yi jimami ba. Abin da nake roƙo mu duba shi ne dalilan da suka jawo ɗagewar, domin su ne za su yanke irin motocin da za su sauka a filayenmu nan da shekara goma, su ne kuma za su yanke ko yaran da muke koya wa aiki a yau za su iya sa musu hannu.

Bari in fara da Nissan, tun da ita muka fi sani a cikinsu. A watan Agusta na 2025 motar ƙarshe ta samfurin GT-R da ake kira R35 ta fito daga masana'antar Tochigi da ke Japan. Tun 2007 ake ƙera ta, shekara 18 ke nan ana yi mata kwaskwarima, alhali a bisa al'adar wannan sana'a samfuri ba ya kai rabin wannan kafin a sake shi. Ta tafi ba ta bar magajiya ba, ba a kuma sa ranar zuwan wata ba. Shugaban kamfanin, Ivan Espinosa, ya dai yi alkawarin sunan zai dawo, ya kuma roƙi masoyanta su yi haƙuri. Ƙanwarta da ake kira Z, wadda aka fitar a 2022 da sunan sabuwa, an ɗora ta ne a kan shasin tsohuwar 370Z da ta riga ta haura shekara goma a kasuwa. Dalilin duk wannan a fili yake. A shekarar kasafinsa da ta ƙare a watan Maris na 2025 kamfanin ya yi asarar sama da yen miliyar 670, wato wajen miliyar 2,700 na sefa, kuɗin da ya kusanci kasafin Nijar na shekara guda. Maganar haɗewa da Honda da aka fara a Disambar 2024 ta watse a Fabrairun 2025. A watan Mayu sabon shugabancin ya ba da sanarwar zai rage ma'aikata 20,000, zai kuma rage masana'antun haɗa motoci daga 17 zuwa 10. A cikin wannan sanarwa akwai batun da ya fi ɗaukar hankalina, wato dakatar da aikin wasu motocin gaba na wani lokaci domin a mayar da ma'aikata 3,000 ga aikin neman inda za a rage kashe kuɗi.

Labarin Porsche ya bi wata hanya dabam, amma wuri ɗaya ya sauka. Kamfanin ya yi niyyar maye gurbin ƙananan motocinsa na gudu, Boxster da Cayman, da sababbi masu aiki da lantarki zalla. Na esansin an daina ƙera su a Oktoban 2025, na lantarkin kuwa ba su iso a lokacin da aka sa ran zuwansu ba, kuma daga cikin dalilan da aka ambata har da karyewar Northvolt, kamfanin batir na ƙasar Suwidin, a watan Maris na 2025. Ga kasuwar Sin, wadda a da ita ce babbar rumbunsa, ta juya masa baya, domin cinikinsa a can ya ragu da kashi 28 cikin 100 a 2024. Ga harajin kashi 25 cikin 100 da Amurka ta ɗora wa motocin waje a Afrilun 2025, alhali Porsche ba shi da masana'anta a Amurka. A Satumba kamfanin ya fito ya ce zai jinkirta wasu motocin lantarki ya koma wa injin esansi, kuma wannan juyin kaɗai zai ci masa har Yuro miliyar 1.8. Maserati ta soke samfurin lantarki na motarta MC20 saboda babu isassun masu saye. Chevrolet Camaro da Dodge Challenger, waɗanda samarinmu ke so kamar me, an rufe ƙera su a ƙarshen 2023. Hatta Toyota, da ba ta cikin masu kukan kuɗi, ba ta yarda ta ɗauki nauyin Supra ita kaɗai ba, sai da ta haɗa hannu da BMW aka riƙa ƙera ta a birnin Graz na ƙasar Ostiriya.

Waɗannan motoci dama suna ake saye da su, ribarsu kuwa ga kamfani irin Nissan ba ta taka kara ta karya ba. Dattawanmu sun tuna shekarun da tseren Paris zuwa Dakar ke ratsa Agadez da Tenere, har ya biyo ta nan Yamai. Porsche ya lashe shi a 1984 da 1986, kuma bayan shekara kusan arba'in ya fitar da wata 911 mai suna Dakar, guda 2,500 kacal, wadda yawancin masu ita ba su taɓa taka yashin ƙasarmu ba. Irin wannan suna yana da daraja sa'ad da rumbu ke cike. Magidanci idan shekara ta yi tsanani, dokin hawan salla yake fara rabuwa da shi, ya bar jakin ɗebo ruwa, kuma babu mai hankalin da zai ga laifinsa. A ganina shugabannin waɗannan kamfanoni sun yi daidai da suka ɗage motocin gudu, da ma sun yi hakan tun da wuri.

Sai dai wuƙar rage kuɗi ba a kan motocin alfarma kaɗai take tsayawa ba. Nissan ta farfaɗo da sunan Datsun a 2013 domin motoci masu rahusa na ƙasashe irin namu, ta sake rufe shi a 2022. Ƙaramar motar ɗaukar kaya ta NP200, wadda ake haɗawa a Rosslyn ta Afirka ta Kudu, an daina ta a Maris na 2024 ba tare da magajiya ba. Kamfanin da ke cikin matsi kasuwar da ke kawo masa kuɗi yake karewa, mu kuwa da muke sayen motarsa a hannu na uku ko na huɗu ba ma cikin lissafinsa ko kaɗan. Adalci ne in faɗi cewa wani ɓangare na shirin Nissan zai iya yi mana amfani, domin ta ce za ta rage yawan nau'o'in shasi da na kayan haɗi, kuma duk lokacin da motoci da yawa suka yi tarayya a kan ƙarfe ɗaya, mai shago a Yamai ya samu sauƙi. Amma wannan amfani zai ɗauki shekaru kafin ya iso mu, wahalar kuwa tana kusa.

A nan ne nake da magana ta farko da ku, iyayena masu shigo da motoci, kuma ina roƙon ku gafarce ni idan ta yi ɗaci. Tun da labarin daina ƙera waɗannan motoci ya bazu, an fara jin wani salon talla a bakin wasu dillalai, cewa motar da aka daina ƙerawa dukiya ce, gobe kuɗinta zai ninka. Wannan magana tana iya zama gaskiya ga attajirin da ke da ɗakin ajiya mai sanyi a Jamus ko Dubai, wanda motarsa ba ta yi tafiya mai yawa ba, takardun gyaranta kuma suna nan cif. Ba ta zama gaskiya ga motar da ta yi haɗari a Amurka, aka saye ta a gwanjon kamfanonin inshora, aka daddaɓe ta aka yi mata fenti, sannan aka kawo ta garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Samuwar kayan gyara yawan motoci take bi. GT-R a duk shekara 18 ɗinta kimanin guda 48,000 aka ƙera a duniya baki ɗaya, Corolla kuwa ta haura miliyan 50 tun daga 1966. Shi ya sa idan fitilar Corolla ta fashe da safe, kafin azahar an samo wata. Shi ya sa kuma Peugeot 504, wadda ta fito a 1968 aka ci gaba da haɗa ta a Kaduna har cikin shekarun 2000, ta daɗe tana yi wa mutanenmu bauta bayan Faransa ta manta da ita. Motar gudu kuwa cikinta a ƙasa yake, tayarta siririn gefe gare ta, kuma ramin farko da ruwan damina ya haƙa a unguwa ya isa ya fasa mata kaskon mai. Bayan nan sai zaman jiran kaya na watanni, motar tana lulluɓe da ƙura a bakin gareji, mai ita yana zargin bakanike, bakanike yana zargin mai shago. Ban ce a hana kowa sayen abin da ransa ke so da kuɗinsa ba. Abin da nake cewa shi ne a gaya wa mai saye gaskiyar abin da ya saya kafin ya biya, musamman idan yaro ne da zai fita da ita rakiyar amarya, inda dukanmu mun san irin tuƙin da ake yi.

Magana ta biyu ta fi wannan nauyi, domin ta shafi abincin kowa. Mu ba mu zaɓar motar da za a ƙera, abin da wasu suka saya shekara goma ko goma sha biyar da suka wuce shi ne ke iso mana. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. To, me waɗancan ƙasashe ke saye a yau? A 2023 Tarayyar Turai ta amince da dokar da ta sa 2035 a matsayin wa'adin sababbin motoci masu fitar da hayaƙi, kamfanoni suka zuba dukiya mai yawa a lantarki, masu saye ba su biyo su da saurin da aka zata ba, yanzu kuma suna komawa da baya suna biyan kuɗin hanya biyu a lokaci guda. Wannan kai-komo shi ne ya cinye kuɗin motocin gudu, shi ne kuma ya cika kasuwanninsu da motoci iri-iri da ba su da tsari ɗaya: masu haɗa esansi da batir, masu ƙaramin inji mai silinda uku da turbo, masu akwatin giya mai aiki da bel ko mai kuloci biyu, da na gazuwal masu matatar hayaƙi da tankin AdBlue, wato ruwan da ke rage gubar hayaƙi.

Abin lura shi ne fasahar da a da sai a motar gudu ake ganinta yanzu ta sauko cikin motocin aiki. Turbo biyu a kan inji mai silinda shida, irin tsarin GT-R, shi ne a Land Cruiser 300 da ta fito a 2021, shi ne kuma a sabuwar Patrol ta 2024, kuma dukansu sun ajiye tsohon inji mai silinda takwas. Irin waɗannan injuna suna da ƙarfi da tattalin mai, amma ba su da haƙurin 1HZ na Toyota ko TD42 na Nissan, tsofaffin injunan gazuwal da malamanmu suka ƙware a kansu, waɗanda za su sha duk abin da aka zuba musu su ci gaba da tafiya. Injin da ke fesa mai kai tsaye da matsi mai tsanani ba ya yafe esansin kwalba na 'yan ruwa-ruwa idan ya gauraya da ƙura, ba ya kuma yafe man inji da ba nasa ba. Toyota na ci gaba da ƙera Land Cruiser 70 da ta fara tun 1984, mun gode Allah, amma mutum nawa ne a cikin abokan cinikinmu ke da kuɗinta?

Akwai kuma batun kwamfutar mota, wanda nake ganin ba mu ba shi muhimmancin da ya kamata ba. Boxster da Cayman na esansi sun bar kasuwar Tarayyar Turai tun tsakiyar 2024, sama da shekara guda kafin a daina ƙera su, saboda wata doka da ta wajabta a tsare kwamfutar kowace sabuwar mota daga masu kutse, Porsche kuma ya ga gyara tsohon samfuri domin ya cika sharaɗin bai cancanci kuɗin da zai ci ba. Duk sabuwar motar da aka sayar a Turai daga lokacin a ƙarƙashin wannan doka take. Tun kafin nan ma, motocin Jeep da Dodge da 'yan'uwansu sun fara zuwa da wata ƙofar tsaro daga wajajen 2018, wadda ke barin na'urar dubawa ta karanta matsala amma ta hana ta gogewa ko saitawa sai an yi rajista ta intanet. Waɗannan motoci su ne za su cika filayenmu a shekarun 2030. Bakanike zai iya sanin ciwon mota sarai, ya canza abin da ya lalace, motar ta ƙi amincewa da sabon ƙarfen har sai an gabatar mata da shi ta na'ura mai izini. Motoci masu haɗa esansi da batir kuma suna ɗauke da wata barazana ta dabam, domin batirin da yawa daga cikinsu ya haura bolt 200, kuma wayoyin nan masu launin lemo suna iya kashe yaron da ya saba cire kan batir da hannu ba tare da tunani ba. Irin Prius da ke yawo a gari sun isa su nuna mana cewa zamanin ya riga ya shigo.

Kada kuma mu manta da wanda ya ƙwace wa waɗannan kamfanoni kasuwa. A 2023 ƙasar Sin ta wuce Japan a yawan motocin da ake fitarwa waje, kuma tun 2019 ta buɗe ƙofar fitar da motocin hannu. Motocinta na da araha, wasunsu na da kyau, amma kamfanoninta suna da yawa, suna sauya samfuri da sauri, kuma gasar farashin da suke yi a tsakaninsu ba za ta bar dukansu a raye ba. Wanda zai shigo da su ya kamata ya fara tambayar kansa ko sunan da ke gaban motar zai kai shekara goma, da kuma inda zai samo mata kaya.

Duk wannan yana zuwa mana ne a lokacin da hanyar kayanmu ta yi tsawo. Tun da aka rufe iyakarmu da Benin ta Gaya a 2023 kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, ana jiran ayari da rakiyar sojoji, kowa a cikinku ya san abin da hakan ya ƙara a kan kuɗi da lokaci. A irin wannan yanayi kuskuren oda ɗaya, ko mota ɗaya da aka shigo da ita babu mai iya gyara ta, asara ce da ƙaramin ɗan kasuwa ba zai iya ɗauka ba.

Saboda haka ina roƙon shugabanninmu na ɓangarorin nan uku su zauna wuri ɗaya, abin da ba mu cika yi ba sai an samu rigima da duwan ko da ma'aikatar magajin gari. Mai shigo da mota ya san abin da ke tashar jiragen ruwa, mai shago ya san abin da ake nema ba a samu, mai gareji kuma ya san motar da ta fi kwana a wurinsa, amma kowa ya riƙe saninsa a cikinsa. Idan aka haɗa wannan sani za a iya fitar da jerin samfuran da garin nan zai iya ɗauka da waɗanda ya kamata a yi hattara da su, a riƙa sabunta shi duk shekara, a kuma manna shi a filayen sayar da motoci inda mai saye zai gani. Na'urar dubawa mai izini da kuɗin rajistarta na shekara sun fi ƙarfin ƙaramin gareji, amma ba su fi ƙarfin gareji goma na unguwa ɗaya ba, kuma ya dace Alhazan da ke cin ribar shigo da motocin su sa hannu a wannan kuɗi, tun da motar da ba ta gyaruwa sunan wanda ya sayar da ita take ɓatawa. Yayyena masu shaguna kuma, ina roƙon a riƙa bambance wa mai saye kayan asali da na kwaikwayo da na cirewa, kowane da farashinsa, domin sabon inji mai turbo ba ya jure abin da tsoho ke jurewa, kuma matatar mai ta jabu guda ɗaya tana iya kashe shi.

Ku kuma malamaina shugabannin gareji, amanar yaran mutane tana hannunku. Yaron da ya shekara biyar yana wanke ƙarfe da miƙa sifana, ya fita bai iya karanta zanen wayoyin mota ba, an sallame shi ne da sana'ar da kasuwarta ke raguwa. Akwai asusun FAFPA da aka kafa domin tallafa wa koyon sana'a, akwai cibiyar Kalmaharo da makarantar Issa Beri a nan cikin gari. Ya kamata mu je musu a ƙungiyance da buƙata a rubuce, mu nemi gajeren horo na yamma a kan lantarkin mota da na'urar dubawa da kiyaye rai wajen taɓa babban batir, a kuma yi bayanin da Hausa da Zabarmanci domin yaran da ba su yi nisa a boko ba. Kowane gareji ya ware yaro ɗaya ko biyu masu kaifin kai, a rage musu aikin yamma na tsawon horon, su kuma su yi alkawarin koya wa 'yan'uwansu idan sun dawo. Ina roƙon a sa wannan batu a taronku na gaba, kuma a gayyaci matasan makanikai da suka riga suka fara aiki da na'ura su yi bayani da bakinsu, ko da a gaban manyansu ne.

Allah Ya ƙara girma, Ya sa mu gama lafiya. Wassalamu alaikum.

Ɗanku kuma abokin sana'arku,
daga Yamai.